HANNUN DAMAN BABA

Shafi na 14

Masu cika min waya da "wai yaushe Baba zai warke", duk na gan ku. Wata har cewa ta yi in na kashe shi ba za ta yafe min ba. Ku yi haƙuri da ni. Mai hawan jini dai ya nemi wuri ya zauna kafin ya karanta na yau.

*

Tun da Auta ta shigo ɗakin da Baba, ta lura fuskar Malamar hannu ba yadda ta saba take ba.

Haka majinyata ke kiranta a sashen gashin ƙashi na asibitin. Likitan da ke ɗakin gefe shi ke koya wa masu shanyewar ɓarin jiki tsayuwa da tafiya. Ita kuma aikinta hannu ne: riƙe cokali, saka maɓalli, kai kofi baki. Ba ta rabo da tsokanar Baba. Kullum sai ta ce, "Injiniya, yaushe za ka duba min motata?" Shi kuma tsohon makanike, wanda ciwon ya ƙwace wa ɓarin dama da magana, sai ya yi murmushi da rabin baki ya faɗi kalma ɗayar da ta rage masa.

"To... to."

Yau ba ta tsokane shi ba.

Ta zame masa riga daga kafaɗar dama, ta ɗora yatsu biyu a kai, ta ɗan danna. Baba ya runtse ido.

"Auta, zo ki sa hannunki nan."

Auta ta matso ta taɓa. Yatsunta suka nutse a wani rami tsakanin kafaɗar da damtsen.

"Malama, ramin me ne wannan?"

"Kafaɗar ce ta zame. Naman da ke riƙe ƙashin ya saki, in ana jan hannun sai ƙashin ya yi ƙasa. Wa ke tayar da shi daga gado?"

"Da safe Mama. Da yamma ni, in na dawo daga makarantar da nake koyarwa."

"Ke ta ina kike kama shi?"

"Ta ƙugu. Yadda kika nuna mana."

Malama ta jawo kujera ta zauna gaban keken marasa lafiyar da Baba ke kai, ta ɗauko hannun ta ɗora a kan matashi. A dunƙule yake tamau, babban yatsa ya shige ciki. Ta daɗe tana shafa bayansa, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Sannu Baba. A hankali zan bi. In ya yi zafi ka buga min ƙafa."

Ta fara da babban yatsan. Sannan na kusa da shi. Baba yana nishi, gumi na tsattsafo masa a goshi.

Da tafin ya buɗe, wani wari ya tashi.

Auta ta ja baya ba tare da ta shirya ba. Fatar tafin ta yi fari fat, ta jiƙe ta saɓule kamar ta wanda ya wuni a ruwa. Faratan sun yi zaƙo-zaƙo, biyu daga ciki sun huda naman, wurin yana fitar da ruwa.

"Innalillahi..."

"Ina robar?"

Auta ta zaro ta daga jaka. Farar roba ce da Malama ta tausasa a ruwan zafi tun farkon zuwansu, ta lanƙwasa ta daidai tafin Baba, don a riƙa ɗaura masa ta hana yatsun ƙagewa.

Malama ta juya ta gaba da baya. Ta ja igiyoyin. Har kai ta hanci ta yi.

Sai ta ɗaga murya ta kira nas.

"Don Allah ki wanke masa tafin nan ki sa magani, ki yanke faratan. In kin gama ki tura min shi ɗakin tafiya, likita na jiransa."

Sai da ƙarar keken ta yi nisa sannan ta rufe ƙofa.

"Zauna, ƙanwata."

Auta ta zauna a bakin gadon gwaji.

"Robar da ake sa wa mutum kullum tana yin dauɗa. Tana warin gumi, igiyarta tana saki. Wannan kamar yanzu na tsamo ta daga ruwa. Ba ta taɓa kwana a hannunsa ba."

"Mama ta ce tana sa masa."

"Wa ke motsa masa ƙafa?"

"Ni."

"Hannun fa?"

Auta ta kau da kai.

"Hannun fa, Auta?"

"Haka muka raba. Ni ƙafa da yamma, ita hannu da safe."

"To ga ƙafa nan, har ta fara ɗaukarsa da sanda. Hannu kuwa yau ya fi ranar da kuka fara zuwa lalacewa."

Ran Auta ya ɓaci. Ta miƙe tsaye.

"Malama, ba ki san mahaifiyata ba. Ita ke masa wanka. Ita ke kwashe kashinsa da fitsarinsa, ba ta taɓa ɓata fuska ba. Ta rame ta zama kamar tsinke a kan jinyar nan. Yanzu kuma a ce..."

"Ban ce ba ta kula da shi ba." Malama ta katse ta, muryarta a kwance. "Na duba bayansa, babu gyambo ko ɗaya. Mutumin da ya yi kwanciya irin tasa ba ya zama haka sai da mai tsayawa a kansa. An wanke ko'ina, an shafa mai ko'ina, har tsakanin yatsun ƙafa. Wuri ɗaya ne tak ba a taɓa ba."

Auta ta koma ta zauna.

"In aka ci gaba a haka fa?"

"Jijiyoyin za su ƙage. Yatsun su bushe a dunƙule, ko da ƙarfi ba za su buɗu ba. Ciwon tafin ya ci ciki. Kuma lokacin da hannu ya fi saurin farfaɗowa watannin farko ne, mun riga mun ci mafi yawansu. Ba zan ɓoye miki ba."

"Me zan yi?"

"Ki tambaye ta. Amma ba da faɗa ba. Na daɗe a aikin nan, ban taɓa ganin wanda ya bar abu irin wannan don mantuwa ba."

*

La'asar ta yi sanyi suka iso gida.

Auta ta kama Baba ta ƙugu ta zaunar da shi a bakin gado, ta sa matashi ƙarƙashin hannun da aka naɗe da bandeji, ta jingine masa sandarsa mai ƙafa huɗu. Ko mayafi ba ta cire ba ta fito.

Kicin ɗin yana daura da ɗakin. Mama na tsaye ta ba ƙofa baya, tana yanka albasa.

"Mama."

Ba ta juyo ba.

Auta ta zagaya ta ɓangaren damanta. Tun tana yarinya ta san in za a yi wa Mama magana ta nan ake bi, kunnen hagu ba ya ji. Zazzaɓi ne ya kashe shi, haka aka gaya musu.

"Mama, mun dawo."

"Sannunku. Ya jikin nasa? Me suka ce?"

Auta ta ajiye robar a kan teburin, kusa da albasar.

Wuƙar ta tsaya.

"Mama, kina sa masa wannan?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Kina sa masa?"

"Ke Auta, ni kike titsiyewa? A kicin ɗina?"

"Tafin hannunsa ya ruɓe, Mama! Farce ya shige nama! Wari ya cika ɗakin, ji na yi kamar in nutse don kunya. Kafaɗarsa ta zame. Malama ta ce jan hannun ake yi."

"Malama ta ce." Mama ta yi wata gajeriyar dariya. "Ita Malamar ta taɓa kwana da shi?"

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

"Rage muryarki."

"Ba zan rage ba! Kullum na dawo sai na ce Mama an yi masa hannun? Ki ce an yi. Mama an sa robar? Ki ce an sa, yanzu na cire. Ni kuma kamar sakarya ina ta fama da ƙafa, ina murna. Ashe ƙarya kike min."

Tun da take ba ta taɓa faɗa wa uwarta wannan kalmar ba.

Mama ta ajiye wuƙar a hankali. Ta goge hannu da gefen zaninta. Ta jawo ƙaramar kujera ta zauna, ta ɗago ta kalli 'yarta ido cikin ido.

"Ƙarya na yi miki. Ban taɓa sa masa ba."

"Me ya sa?"

"Na gwada."

"Mama, me ya sa?"

"Na ce miki na gwada! Washegarin da aka ba mu ita. Kin tafi makaranta, na yi masa wanka, na zauna na ɗauko hannun kamar yadda matar nan ta nuna. Na sa yatsuna a tafin zan buɗe. Sai ya damƙe."

"Ai Malama ta ce haka yake yi. Ba da saninsa ba ne, jijiya ce ke..."

"Na sani. Ina wurin ta faɗa." Muryar Mama ta fara rawa. "Kaina ya sani. Jikina ne bai sani ba. Auta, fitsari na saki a zaune. Da girmana, da furfurata. Da ƙyar na ƙwace na fito nan na yi ta amai."

Auta ta kafe ta da ido. Ba ta gane ba, kuma wani abu a cikinta ba ya so ya gane.

Mama ta ɗaga hannu ta taɓa kunnenta na hagu.

"Wa ya ce miki zazzaɓi ne?"

"Ke kika ce."

"To yau na ce ba shi ba ne."

Ruwan da ke kan wuta ya fara tafasa, murfin tukunyar yana ƙara. Babu wanda ya kula shi.

"A'a." Auta ta girgiza kai. "A'a Mama. Baba? Baban da ko tsawa bai taɓa min ba? Mutumin da unguwa duka ke kawo masa ƙara ya sasanta?"

"Shi."

"Ni ban taɓa gani ba."

"Ba za ki gani ba. Aikenki yake yi. Kin manta yadda ake ce miki je ki gidan ƙawarki ki yi wasa, kar ki dawo sai an kira ki? Har alewa yake saya miki. Kina fita ya ƙure rediyo."

Auta ta dafa bango. Ta tuna alewar. Ta tuna rediyon, yadda take jiyo shi tun daga bakin titi tana tsalle, tana cewa yau Baba yana cikin nishaɗi.

"Ba ki taɓa tambayar kanki me ya sa akwai tazara mai yawa tsakaninki da Yayanki ba? Biyu na zubar a tsakaninku. Ɗaya har ya fara motsi. A nan, inda kike tsaye."

Auta ta janye ƙafarta kamar ta taka wuta.

"Yaya ya sani?"

"Me kike zaton ya kore shi daga gidan nan? Ya shiga tsakani, ranar ya sha nasa. Kin yi ta zaginsa a waya, wai ba shi da imani, ubansa na kwance ya ƙi zuwa. Ina jinki. Na ƙyale ki."

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"In ce miki me? Ke kaɗai ce a gidan nan kike da uba. Na ce bari ko mutum ɗaya ya samu."

Hawaye suka ɓalle wa Auta. Ta durƙusa a gabanta.

"To me ya hana ki tafiya?"

"Na tafi. Aka dawo da ni, aka ce in yi haƙuri, mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Na sake tafiya, aka sake dawo da ni. Daga nan iyayen nawa suka rasu, babu ma inda zan tafi a dawo da ni."

"Amma ai ya tsufa, Mama. Wannan tsohon zance ne. Ai ya daina tuntuni, ko?"

Mama ta juyar da fuska.

"Ko, Mama?"

"Ranar da ya faɗi, me na ce muku?"

"Kin ce kin dawo daga kasuwa kika tarar da shi a ƙasa."

"Ban je ko'ina ba. Wai na bar masa ruwan wanka ya huce. Ya ɗaga hannun, na rufe ido ina jira. Na yi ta jira, ban ji saukarsa ba. Da na buɗe ido sai na ga hannun ya zube a gefensa kamar tsumma, bakinsa ya karkace. Ya bi bango ya sulale."

"Sai kika kira maƙwabta."

"Sai na zauna."

"Kika zauna?"

"A kan kujerar nan. Ina kallonsa yana kallona. Ban san iya daɗewar da na yi ba. Rana dai ta ɗaga sosai kafin na fita na yi ihu."

Auta ta toshe bakinta da hannu biyu. Maganar likitan da ya karɓe su ranar ta dawo mata, yadda ya duba agogo ya girgiza kai ya ce da an kawo shi da wuri, da akwai allurar da za a yi masa.

"Allah na gani ban roƙa masa wannan ciwon ba," in ji Mama. Idonta a bushe yake ƙamas. "Kuma tun da ya kwanta ban gaza masa ba. Na wanke shi, na ciyar da shi, na juya shi kar ya yi gyambo. Zan ci gaba har ɗayanmu ya mutu. Amma ku je asibiti ku dawo kuna murna, wai yatsa ya ɗan motsa, wai in aka dage hannun zai tashi. Ku miƙo min roba ku ce ni ce zan tashe shi. Ni! Kin san me kuke roƙona?"

"Kafaɗar fa?"

"Tawul nake zargawa a damtsen in ja, don kar fatata ta taɓa shi."

"Kin san yana masa ciwo?"

"Da farko ban sani ba."

"Daga baya fa?"

Mama ta sunkuyar da kai. A karon farko muryarta ta karye.

"Daga baya ina jin nishinsa. Ban daina ba. Wannan kam nawa ne, ni da Ubangijina."

Auta ta rasa wanda za ta yi wa kuka. Ta so ta rungume ta, hannayenta suka ƙi ɗaguwa. Ta so ta tashi ta koma wurin Baba, ƙafafunta suka ƙi.

"Yanzu ya kike so in yi, Mama? Gobe in na shiga ɗakin nan da wane ido zan kalle shi? In na bar hannun ya ruɓe, ubana ne. In na gyara..."

Ƙwas.

Ƙarar sanda a kan tayil.

Suka kalli juna.

Ƙwas. Sai jan ƙafa. Ƙwas. Sai jan ƙafa.

Sai a lokacin Auta ta tuna ba ta ja ƙofar ɗakin ba da ta fito. Bakin Baba ne ya mutu, kunnensa ras yake.

Ta miƙe a guje. Kafin ta fita daga kicin ta hango shi tsaye a bakin ƙofar ɗakinsa, shi kaɗai, babu mai riƙe da shi, abin da bai taɓa yi ba tun da ya kwanta. Hannun mai bandeji yana reto a gefensa. Rabin fuskarsa ya jiƙe sharkaf. Ba ita yake kallo ba, bayanta yake kallo, inda Mama ke zaune.

Leɓensa ya yi ta rawa, yana kokawa da wata magana da ta ƙi fita.

"To," ya ce. "To."

Ya tura ƙofar da kafaɗar hagu.

Makulli ya juya daga ciki.

"Baba!" Auta ta faɗa kan ƙofar tana dukanta da tafi biyu. "Baba buɗe! Za ka faɗi! Don girman Allah ka buɗe!"

Babu amsa. Sai ƙarar sandar tana komawa ciki, tana nufar wajen tagar.

"Mama, ina ɗayan makullin?"

"Babu. Shi ke nan guda ɗaya."

"Me ke wajen taga? Mama, me zai ɗauka a wajen taga?"

Fuskar Mama ta canza. Ta kama bango.

"Magungunansa. Jiya aka karɓo sababbi, duk na jera su a kan tebur."

"Ba zai iya buɗewa ba, murfin yana da tauri, sai da hannu biyu..."

Sai ta tuna. A gaban idonta, zuwansu na baya, Malamar hannu ta koya masa yadda zai matse kwalba tsakanin gwiwoyinsa ya murɗe murfin da hagu. Har tafi suka yi masa da ya iya.

Daga cikin ɗakin suka ji gadon ya yi ƙara, alamar ya zauna.

Sai ƙarar murfi ya faɗi ƙasa, yana gangarawa a kan tayil.